Shin sai na biya kafin kowa ya iya karanta bincikena?

“Assalamu alaikum, Malam. Na fitar da maƙala daga cikin kundin digirina na uku, na aika wa wata mujalla ta ƙasa da ƙasa, sun tantance kuma sun karɓa. Yanzu sun rubuto cewa idan ina son kowa ya karanta ta kyauta a intanet sai na biya kuɗi masu yawa, idan kuma ban biya ba za su wallafa ta, amma sai masu rajista ne kawai za su gani. Wani abokin aikina ya ce duk mujallar da ke karɓar kuɗi a hannun marubuci ta bogi ce, wani kuma ya ce in ban biya ba babu wanda zai karanta aikina. Maganar wa zan ɗauka?”

Wa alaikumus salam, Malama. Ina taya ki murna, domin karɓar maƙala bayan tantancewa shi ne mataki mafi wuya, kuma kin riga kin tsallake shi. Idan na fahimce ki daidai, kina son sanin ko biyan kuɗin nan wajibi ne, ko biyansa zai zubar da darajar aikinki, da kuma ko ƙin biya zai binne shi inda babu mai gani. Abokan aikin naki kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma dukansu sun cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba: wanda ke ɗaukar nauyin kuɗin wallafa, wanda ke da damar karantawa, da kuma ingancin tantancewar da mujalla ke yi. A tsawon aikina a sashen mujallu na laburaren jami'a, da zaman da nake yi a kwamitin editocin wata ƙaramar mujalla, mafi yawan asarar da na ga marubuta sun tafka daga wannan cakuɗawar ta samo asali. A irin halin da kika bayyana, da wuya biyan ya zama dole, kuma akwai hanyar da za ki buɗe aikinki ga kowa ba tare da kin kashe ko sisi ba.

Yadda aka kai ga wannan hali

Tun daga 1665, shekarar da aka fara buga mujallun ilimi a Paris da Landan, galibi mai karatu ko laburare ne ke biya, marubuci kuwa yawanci ba ya biya kuma ba a biyansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin kasuwanci suka shigo harkar da ƙarfi, suka riƙa sayen mujallu suna haɗiye ƙananan mawallafa, har ta kai wani bincike da masana daga Jami'ar Montreal suka fitar a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal ne suka wallafa fiye da rabin maƙalolin 2013 da ke cikin babban kundin bayanan da suka duba. Abin da ya sa wannan kasuwa ta bambanta da sauran kasuwanni shi ne, babu maƙalar da za ta maye gurbin wata. Idan malami yana buƙatar wani bincike, to wannan binciken yake buƙata, ba mai kama da shi ba, don haka laburare ba shi da bakin yin ciniki. Gwamnati ko jami'a ce ke ɗaukar nauyin binciken, malami ya rubuta kyauta, wasu malaman su tantance kyauta, sannan jami'ar ta dawo ta sayi damar karanta shi duk shekara, a farashin da ke hauhawa fiye da kasafin laburare. Tura ta kai bango a 2012, lokacin da kwamitin malaman da ke ba laburaren Jami'ar Harvard shawara ya sanar cewa ba za a iya ci gaba da ɗaukar nauyin waɗannan kuɗaɗen rajista ba. Idan Harvard ta koka, ba sai an faɗi halin da sauran suke ciki ba.

Amma tun kafin nan masana sun fara neman mafita. A 1991 Paul Ginsparg ya kafa arXiv a Los Alamos ta Amurka, inda masana kimiyyar lissafi da fiziks ke ajiye daftarin maƙalolinsu kowa ya ɗauka. A watan Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta fayyace manufar buɗe bincike ga kowa, wato a iya karantawa, a sauke, a kwafa, a rarraba ba tare da shingen kuɗi ko na doka ba, in dai an ambaci marubucin. Sanarwar Bethesda da ta Berlin suka biyo baya a 2003. Abin lura a nan, kuma shi ne ginshiƙin amsar da zan ba ki, sanarwar Budapest hanyoyi biyu ta zayyana: marubuci ya ajiye aikinsa da kansa a rumbun da kowa ke iya shiga, ko kuma a kafa mujallun da tun asali buɗaɗɗu ne. Ba ta ce marubuci ne zai biya ba. Karɓar kuɗi daga marubuci tsari ne da mawallafa irin su BioMed Central da PLOS suka yaɗa a farkon shekarun 2000 domin su samu abin gudanar da aiki, daga baya manyan kamfanoni suka rungume shi da suka ga akwai riba a ciki.

Irin mujallar da kika faɗa hannunta

Daga bayaninki, mujallarki ta haɗin gambiza ce: asalinta ta masu rajista ce, amma tana sayar wa marubuci damar buɗe maƙalarsa ita kaɗai, sauran maƙalolin da ke cikin fitowar su ci gaba da zama a kulle. Wannan kuɗi shi ne ake taƙaitawa da APC. Mujallun ƙasa da ƙasa da yawa suna neman dubban daloli, wasu kuma suna tsawwalawa sosai. Mujallar Nature, alal misali, ta sa nata a Yuro 9,500 lokacin da ta buɗe wannan ƙofa a 2021. Ni dai a ra'ayina wannan shi ne tsari mafi rashin adalci a cikin dukkan tsare-tsaren, domin mawallafi yana cin tudu biyu, ya karɓa daga laburare ya kuma karɓa daga marubuci. Dalilin da ya sa ke nan gamayyar hukumomin ba da tallafin bincike da suka ƙaddamar da shirin Plan S a 2018, mafi yawansu daga Turai, suka ƙi amincewa da biyan irin waɗannan mujallu sai a ƙarƙashin yarjejeniyar wucin gadi.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, a irin wannan mujalla an riga an karɓi maƙalarki kafin a yi maganar kuɗi, kuma biya ko ƙin biya ba ya canza komai game da matsayinta. Lambar fitowa ɗaya ce, shafuka ɗaya ne, lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gane maƙala da ita a intanet, ɗaya ce, kuma kwamitin ƙarin girma abu ɗaya zai gani. Saboda haka abokin aikinki na farko bai yi daidai ba a kan wannan mujalla. Idan kin zaɓi kada ki biya, babu abin da kika rasa na daraja. Abin da ya rage shi ne yadda za ki isar da aikin ga wanda ba shi da rajista.

A nan ne hanyar ajiyewa da kai take shigowa, wadda masu wannan fanni ke kira koriyar hanya. Kowace maƙala tana da siffofi uku. Akwai daftarin da kika aika tun farko kafin a tantance. Akwai wanda kika gyara bisa shawarwarin masu tantancewa, edita ya ce ya karɓa, amma ba a riga an tsara shi da tambarin mujalla ba. Sai kuma na ƙarshe, wanda mawallafi ya tsara ya sa lambobin shafi. Mafi yawan manyan mawallafa suna riƙe na ukun gam, amma suna yarda marubuci ya ajiye na biyun a rumbun bincike na jami'arsa, wasu nan take, wasu bayan wa'adin wata 6, ko 12, ko 24, gwargwadon mujalla da fanni. Ilimin da ke cikin na biyu da na uku ɗaya ne, bambancin na ado ne da ƴan gyare-gyaren rubutu.

Abin da nake yawan gani a ofis shi ne, malami ya zo da fayil ɗin da ya sauke daga shafin mujalla, mai tambari da launi, ya ce a ɗora masa a rumbun jami'a. Sai in ce masa wannan ba mu da izinin ɗora shi, ya kawo wanda edita ya karɓa. Nan ne za ka ga ya fara laluben tsofaffin saƙonni, ya buɗe fayiloli huɗu ko biyar masu suna kusan iri ɗaya, “na ƙarshe”, “na ƙarshe gyararre”, “na ƙarshe na gaske”, ya rasa wanne ne ya aika, wani lokacin ma kwamfutar da ya yi aikin a kai ta daɗe da lalacewa. Don haka, Malama, tun kafin ki gama karanta wannan amsa, ki nemo fayil ɗin da aka karɓa, ki sa masa suna da kwanan watan karɓa, ki adana shi a wuri biyu. Idan jami'arki ba ta da rumbu, akwai Zenodo, wanda cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ke gudanarwa tun 2013, kyauta ne kuma yana karɓar aiki daga kowane fanni. Domin sanin abin da mujallarki ta yarda da shi, ki duba shafinta na haƙƙin marubuta, ko ki nemi sunanta a Open Policy Finder, kundin ƙa'idojin mawallafa na hukumar Jisc ta Birtaniya, wanda ya maye gurbin Sherpa Romeo.

Takardar da za a ce ki sa wa hannu

Nan ba da jimawa ba za a aiko miki da yarjejeniyar wallafa, galibi a shafin intanet mai akwatunan da ake dannawa. Mutane da yawa suna dannawa cikin murna ba tare da sun karanta ba, alhali a nan ne ake yanke komai. Ki duba ko takardar tana cewa kin miƙa haƙƙin mallakar maƙalar gaba ɗaya, ko kuwa lasisin wallafawa kawai kika bayar. Ki nemi sakin layin da ke lissafa abubuwan da marubuci ya riƙe, yawanci yana can ƙasa: damar ajiye daftarin da aka karɓa, damar amfani da shi wajen koyarwa, damar sa shi a cikin kundin digiri ko littafin da za ki rubuta nan gaba. Wannan na ƙarshen ya shafe ki kai tsaye, tun da maƙalar daga kundinki ta fito, kuma ƙila jami'arki za ta ɗora kundin a intanet. Idan wani abu bai fito fili ba, ki rubuta wa edita ki tambaya kafin ki sa hannu; ban taɓa ganin an janye karɓar maƙala don marubuci ya yi irin wannan tambaya cikin ladabi ba.

Idan kuma wata rana kika wallafa a buɗe, za a ce ki zaɓi lasisin Creative Commons. Wanda ake kira CC BY yana ba kowa damar kwafa, rarrabawa, fassarawa, har da amfani na kasuwanci, muddin an ambace ki. Mai ɗauke da NC yana hana amfani na kasuwanci, mai ND kuma yana hana yaɗa duk wani abu da aka sarrafa daga aikin. Marubuta sukan ruga zuwa ND suna ganin ya fi kariya, ba tare da sun lura cewa fassara ma tana cikin abin da ya hana ba, wato wanda ya so ya mayar da bincikenki zuwa wani harshe domin mutanen da ya shafa su amfana sai ya sake neman izini.

Maganar mujallun bogi

Abokin aikinki na farko ba daga sama ya ɗauko tsoronsa ba. Da zarar kuɗin shigar mujalla ya dogara ga yawan maƙalolin da ta karɓa, to an buɗe ƙofar kwaɗayi. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, ya shafe shekaru yana tattara sunayen mawallafan da yake zargi da damfara, har ya sauke jerin nasa a watan Janairun 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya mai cike da kurakuran da duk masani zai gani, ya aika wa buɗaɗɗun mujallu 304 masu karɓar kuɗi, 157 suka karɓa. Sai dai a wannan gwajin PLOS ONE ta ƙi maƙalar, wasu mujallun da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni kuwa suka karɓa, kuma bai gwada mujallun masu rajista ba balle a kwatanta. Babban suna ma ba garkuwa ba ne: kamfanin Wiley ya sayi Hindawi a 2021, a 2023 kuma aka janye maƙaloli sama da 8,000 daga mujallunsa saboda an gano an yi maguɗi wajen rubuta su da tantance su.

Don haka kuɗi ba shi ne ma'auni ba, tantancewa ce ma'auni, kuma ke kina da shaida a hannunki. Ki sake buɗe rahoton masu tantancewa da aka aiko miki. Idan sun yi magana a kan hanyar da kika bi wajen tattara bayanai, sun ƙalubalanci wani sakamako, sun nuna miki aikin da kika tsallake, sun sa ki sake zama kina gumi, to mujalla ce ta gaske. Ta bogi takan fara ne da saƙon yabo wanda ba ki nema ba, tana kiran ki babbar farfesa alhali ba ta san fanninki ba, ta yi alkawarin wallafawa cikin mako guda, sunanta ya haɗa likitanci da injiniyanci da adabi a wuri ɗaya, rahoton tantancewarta kuma bai wuce layi biyu ba, sannan takardar neman kuɗi ta biyo baya da gaggawa. Ga buɗaɗɗiyar mujalla, ki duba ko tana cikin DOAJ, kundin sunayen buɗaɗɗun mujallu da aka fara a Jami'ar Lund ta Sweden a 2003. Kada ki yarda da tambarin da ta manna a shafinta, ki je can ki nemi sunanta da kanki. Ki kuma ɗauki sunan mutum ɗaya ko biyu daga kwamitin editocinta ki ga ko su da kansu suna ambaton mujallar a shafukansu na jami'a.

Shi kuma abokin aikinki na biyu, gaskiyarsa ita ce maƙalar da ke buɗe ta fi samun masu karatu, musamman likitoci, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati da ɗaliban da jami'arsu ba ta da rajista. Game da yawan masu kafa hujja da ita kuwa, masana sun yi saɓani. Bincike da dama sun nuna ƙari, amma ana sukar su da cewa marubuta sukan zaɓi mafi kyawun ayyukansu ne su buɗe. A gwajin da Philip Davis da abokan aikinsa suka wallafa a 2008, inda aka buɗe wasu maƙaloli ta hanyar ƙuri'a, an fi sauke buɗaɗɗun sosai, amma ba a ga bambanci a yawan ambato ba cikin shekarar farko. Ko ma dai yaya ne, daftarin da kika ajiye a rumbu yana bayyana a Google Scholar a gefen na mujalla, kuma mai nema zai same shi.

Yaushe biya yake da ma'ana?

Idan wata hukuma ce ta ɗauki nauyin bincikenki, ki koma ga takardar tallafin, domin da yawansu suna wajabta buɗewa. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun wajabta tun 2008 a ajiye duk maƙalar da suka tallafa wa a buɗaɗɗen rumbunsu na PubMed Central, hukumomin Plan S kuma suna son a buɗe nan take ba tare da wa'adin jira ba. Irin waɗannan hukumomi sukan ware kuɗin wallafa ko su yarda da ajiyewa a rumbu. Ki kuma tambayi laburarenku ko akwai yarjejeniya tsakanin jami'arku da mawallafin, irin wadda jami'o'in Jamus suka ƙulla da Wiley a 2019, wadda a ƙarƙashinta malamansu ke wallafawa a buɗe ba tare da sun biya daga aljihunsu ba. Akwai kuma yafe kuɗi ko rangwame ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, galibi bisa jerin ƙasashen shirin Research4Life, sai dai yawanci a mujallun da suke buɗaɗɗu gaba ɗaya ake bayarwa, ba a irin taki ba, kuma an fi son a nema tun lokacin aika maƙala. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, ba na ba kowa shawarar ya ci bashi ko ya zuba albashinsa don buɗe maƙala ɗaya a mujallar da laburare ke biya wa rajista.

Wannan tsari na marubuci ya biya, an gudu ne ba a tsira ba, domin shingen da aka ɗauke daga gaban mai karatu an dasa shi a gaban marubuci, kuma wanda ba shi da tallafi shi ne ya fi shan wahala. Shi ya sa nake so ki san cewa akwai mujallun da ba sa karɓa daga kowa, jami'o'i ko ƙungiyoyin masana ko hukumomin bincike ke ɗaukar nauyinsu, kuma mafi yawan mujallun da ke cikin DOAJ ba sa karɓar kuɗin wallafa, kodayake manyan da suka fi fitar da maƙaloli suna karɓa. Latin Amurka ta yi nisa a wannan tafarki ta hanyar SciELO, wanda aka fara a Brazil a ƙarshen shekarun 1990. A 2015 editocin mujallar nazarin harsuna ta Lingua suka yi murabus gaba ɗaya suka kafa Glossa a buɗe, marubuta kuma suka bi su, abin da ya nuna cewa darajar mujalla tana tare da masanan da ke aikinta. Ƙaramar mujallar da nake yi wa aiki irin wannan ce, a kan OJS, manhajar gudanar da mujallu, take gudana, kuma ba zan ɓoye miki rauninta ba: editocin duk masu aikin sa kai ne, idan lokacin jarrabawa ya zo maƙala takan kwana a hannun mai tantancewa wata da watanni. Kafin maƙalarki ta gaba, ki nemi irin waɗannan a fanninki, ki duba tsawon lokacin da suke ɗauka, tun da yawancinsu suna rubuta ranar da maƙala ta iso hannunsu da ranar wallafawa a shafin farko na kowace maƙala.

Shawarar nan na gina ta ne a kan abin da kika bayyana, kuma ta shafi maƙalar mujalla ce kawai. Littafi da babin littafi suna da nasu sharuɗɗan daban. Takardar yarjejeniyar da ke gabanki ita ce mai yanke hukunci a kan abin da za ki iya ajiyewa, dokar haƙƙin mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, haka nan kowace jami'a tana da jerin mujallun da take amincewa da su wajen ƙarin girma, don haka ki nuna wa ma'aikacin laburarenku takardar ku karanta tare. Idan ya tabbata babu wata hukuma da ta wajabta miki buɗewa nan take, ki amsa wa mujallar cewa kin zaɓi wallafawa ta hanyar rajista. Ranar da maƙalar ta fito, ki miƙa daftarin da aka karɓa ga rumbun, ki rubuta cikakken sunan mujallar da lambar DOI a shafinsa na farko domin masu kafa hujja su ambaci na mujalla, sannan ki gaya wa mai kula da rumbun tsawon wa'adin jiran, shi zai saita ranar da fayil ɗin zai buɗe da kansa. Kafin ranar ta zo, duk wanda ya rubuto miki yana neman kwafi don karatunsa, yawancin yarjejeniyoyi sun yarda ki aika masa kai tsaye.